Takardar da Hammadu Ya Kasa Karantawa

Argungu, 12 ga Jimada Awwal, 1413

Zuwa ga taubashiyata Hamida, 'yar Malam, a asibitin Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan alhamdu lillahi, in ban da gwiwa da ta fara yi mini gardama in zan tashi daga buzu. Shinkafa ta yi kyau bana, an kusa gama yanka.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabona da ke tun rasuwar Malam, mahaifinki, wanda na yi shekara tara ina karatu a gabansa. Kada ki ce Bakabe bai san zumunci ba sai bukata ta kama shi, ko da yake haka ɗin ne. Kakata da kakanki ciki ɗaya suka fito, dole ki jure ni. Na rubuto da ajami don na san Malam bai bar ki kin shiga boko ba sai da kika iya shi. An ce mini tunda aka ba mu jiha aka dawo da ke daga Sakkwato, kuma karatun da kika ƙaro na sanin halayyar ɗan Adam ne da ciwon da ke kama tunani.

Maganar Hammadu ce, ɗan ƙanena marigayi, manomin albasa a Gulma. Matarsa Sakinatu 'yar Augie ce, 'ya'yansu biyu, shekara bakwai ba a taɓa jin kansu ba. Bara ya riƙa zuwa ɗaukar karatu a zaurena, har muka kai babin saki. A nan ya ji cewa kalmar nan ba a wasa da ita. Tun daga ranar ta shiga kansa ta zauna.

Yanzu sau uku a mako yake tuƙo keke daga Gulma, ya durƙusa a gabana ya ce, "Baba, jiya ina ban ruwa kalmag ga taz zo min ga zucciya. Ban sani ba ko halshena ya motsa. Ta saku?" In ce ba ta saku ba. Ya tafi yana murna kamar an yi masa haihuwa, jibi ya dawo da tambayar. Ya naɗe bakinsa da rawani. Ba ya yi wa Sakinatu magana sai da hannu, ya kuma daina shiga ɗakinta don tsoron kada ta zama haram gare shi bai sani ba.

Na yi masa rubutu, na yi tofi. Sau biyu na sa shi ya ce ya mayar da ita, ba don ta fita ba, don dai hankalinsa ya kwanta. Sai abin ya zama tsiya, wai yanzu igiya ɗaya ta rage masa. Yaron nan yana son matarsa, ita ma tana son sa, kuma ina ganin auren yana mutuwa ba wanda ya kashe shi. A zaurena ya ɗauko ciwon nan, Hamida, shi ya sa nake jin nauyinsa a wuyana. Ki gaya mini abin da bokonku ya ce.

Naki,
Arzika

*

Birnin Kebbi, 20 ga Nuwamba, 1992

Zuwa ga Malam Arzika, sarkin albasa.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso da warinta, tun ban buɗe ba na san garin da ta fito. Muna lafiya. Gwiwa kuma ka rage zaman buzu, ka riƙa taka ƙafa zuwa fadama kamar sauran Kabawa.

Kada ka ɗauka wani babban waje nake. Ɗaki ɗaya aka ba ni a ƙarshen asibiti, da tebur da kujera biyu. Likitan ƙwaƙwalwa daga Sakkwato yake zuwa sau ɗaya a wata, sauran kwanakin ni kaɗai ce.

Abin da ke damun Hammadu ba aljani ba ne, ba kuma hauka ba ne. Ciwo ne sananne. Wani yakan kama shi a alwala, ya yi ta maimaitawa har lokaci ya fita, wani a wanke hannu har fata ta tsage. Yakan zaɓi abin da mutum ya fi ƙauna ya tsorata shi da shi, saboda haka ka daina ɗora wa zaurenka laifi. Da bai same shi a babin saki ba, da ya same shi a wani babin.

Kai ma ka riga ni sanin ciwon. Ka tuna yadda Malam yake yi mana bayanin mutumin da kokwanto ya aura, wanda kullum sai ya yi shakka a sallarsa? Cewa yake irin wannan ba a sa shi ya sake, ce masa ake ya yi watsi da shakkar ya wuce. Masanan da na karanta sun sha dogon zagaye kafin su iso inda tsofaffinmu suka daɗe da tsayawa. Abin da suka ƙara shi ne dalili: amsar da mai ciwon yake nema ita ce abincin ciwon. Kamar susar ƙaiƙayi ce, daɗi yanzu, anjima ya dawo ya fi na da.

Saboda haka ga maganina, kuma na san ba zai yi maka daɗi ba. Ka daina amsa masa. In ya zo ya tambaya, kada ka ce ta saku, kada ka ce ba ta saku ba. Ka kuma turo mini shi da matarsa ranar wata Talata.

Taubashiyarka,
Hamida

*

Argungu, 11 ga Jimada Sani, 1413

Hamida,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an gama dashen albasa.

Na karanta takardarki sau uku don in tabbata 'yar Malam ce ta rubuta ta. Mutum ya zo ya durƙusa yana tambayata halal da haram, na san amsa, ki ce in kama bakina? Kin manta gargaɗin da aka yi wa mai ɓoye ilimi? Ke in kin yi kuskure likita ne zai yi miki faɗa. Ni Wanda zai tambaye ni ba ya zuwa daga Sakkwato sau ɗaya a wata.

Duk da haka na gwada, don kada ki ce na raina karatunki. Ranar Asabar ya zo, na yi shiru. Ya zauna a ƙofar zaure tun hantsi har azahar, hawaye na jiƙa rawanin da ke bakinsa. Da ya gaji sai ya tafi wurin wani malami a bayan kasuwa wanda bai san shi ba. Shi kuwa ya ce masa abin da ya fi aminci shi ne ya nisanci matar har ya tabbata. Kwana huɗu Hammadu yana kwana a bukkar gona. Da ya dawo ban jira ya buɗe baki ba, na ce ba ta saku ba, ba ta saku ba, ba ta saku ba. Shirun da kika ba ni bai hana shi tambaya ba, ƙofa kawai ya sauya.

Amma na gano wani abu. Na gaya masa hukuncin mai waswasi, cewa sakinsa ba ya aukuwa. Sai ya ce, "Baba, wa ya tabbatar ni mai waswasi na? Halan lahiyata lau, ina dai neman mahwaka." Kin gani, fatawata tana bukatar shaidarki. Ki rubuta masa takarda, ki ce ciwo ne gare shi, a buga hatimin asibiti. Mutanenmu suna girmama hatimi. In ya haɗa fatawata da takardarki, ina zai sake samun ƙofar shakka?

Za su zo Talatar da ta fi kusa bayan ya samu mai yi masa ban ruwa.

Arzika

*

Birnin Kebbi, 13 ga Janairu, 1993

Malam,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura ta warke. Na ga fushi ya sa ka manta da kirana taubashiya, to na yafe.

Ba ɓoye ilimi na ce ka yi ba, ka yi mini mummunar fahimta. Ilimin ka ba shi tun ranar farko, kuma ya haddace shi ya fi ka. Abin da yake zuwa nema yanzu yaƙini ne a kan abin da ke giftawa a zuci, wannan kuwa Allah bai ba kowa ba. Amma ka yi gaskiya a abu ɗaya. Na ba ka shawarar littafi, na manta garinku malami ba ɗaya ba ne.

Sun zo jiya. Hammadu yaro ne mai ladabi, hankalinsa garau. Na tambaye shi, tunanin da kake ƙi, kake gudu, kake kuka saboda shi, naka ne? Sai ya ce, "To Gwaggo, in ba nawa na ba, mi yas sa yake cikin kaina?" Wallahi Malam, tambayar nan manyan masana sun yi ta gardama a kanta, ga shi manomin albasa ya jefo mini ita a ɗakin da ko fanka babu. Na ce masa ba duk wanda ya ratsa gonarka ba ne mai gonar. Ya yi murmushi ta bayan rawani, amma na ga bai gamsu ba.

Sakinatu ce ta tsaya mini a rai. Da na keɓe da ita ta ce, "Inna, ni ban ji ya hwaɗi komi ba. Shekara guda ko sunana bai kira ba. Ni dai a bar min mijina, ko da ba shi magana."

Likita ya zo daidai, ya rubuta masa ƙwayoyi. Za su busar masa da baki su sa shi barci, ka ce ya daure, sai an yi makonni kafin a ga amfaninsu.

Takardar da ka nema tana cikin ƙaramin ambulan ɗin nan mai sunansa. Na rubuta, na sa hannu, likita ya buga hatimi. Zuciyata ba ta so ba, don ita ma amsa ce, amsa kuwa ka san ra'ayina a kanta. Na yi ne don kada shirunka ya sake kai shi bayan kasuwa. Ya karanta ta sau ɗaya, ya adana.

Hamida

*

Argungu, 8 ga Shawwal, 1413

Hamida,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Jiki lafiya, hankali ne ba lafiya ba. Ki karanta wannan a zaune.

Da Turanci kika rubuta takardar. Ke da kike rubuto mini da ajami mai kyau kamar na Malam, da kika zo kan takardar asibiti sai hannunki ya koma inda ya saba. Ni kuma na ga ambulan a manne da sunansa, na ce amana ce, na miƙa masa ban buɗe ba. Ko na buɗe ma ban iya ba, amma da na mayar miki. Hammadu ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba.

Ya kai wa hedimasta na Gulma ya fassara masa. Kwana biyu yana cikin farin ciki, har ya kwance rawani ya kira Sakinatu da sunanta, ta aiko mini da waina don murna. Rana ta uku sai ya ce, in hedimasta ya tsallake layi fa? Ya kai wa malamin gona. Ya kai wa mai sayar da magani. Ya kawo ta Argungu ranar kasuwa yana tare duk wanda ya gani da biro a aljihu. Ni ya daina zuwa wurina, ina ta hamdala, ashe tambayar ce ta koma kan takarda. Kowa da irin fassararsa, amma dukkansu da abu ɗaya suke farawa, wato manyan baƙaƙen da aka buga a samanta: sashen masu taɓin hankali. Kafin azumi ya raba, yara a Gulma sun fara binsa suna ce masa mahaukaci.

Daga ƙarshe da ƙafarsa ya tafi Augie, ya miƙa wa yayan Sakinatu, Abdussamadu, wanda yake koyarwa a firamare, wai shi ne ba zai ɓoye masa komai ba. Abdussamadu ya karanta ya sa a aljihu. Washegari ya zo da mota ya kwashe ƙanwarsa da yaran, tana kuka tana riƙe ƙyaure. Na bi shi har gida. Ya ce mini, "Malam, kun san mahaukaci na kunka bar ɗiyar mutane ɗaki guda da shi? Ba ni nac ce ba, ga hatimin gwamnati." Na yi bayani har muryata ta dushe. Hatimin da na ce mutanenmu suna girmamawa, sun girmama shi.

Abdussamadu ya kai ƙara yana neman a raba auren saboda hauka. Za a zauna ranar Litinin, ashirin da bakwai ga wannan wata. Ƙwayoyin kuma Hammadu ya bari tun cikin azumi, ya ce barci na kayar da shi a bakin rijiya. Ki zo, Hamida. Ke kika rubuta, ke kaɗai za ki iya gaya wa alƙali abin da kike nufi.

Arzika

*

Argungu, 9 ga Zulƙida, 1413

Hamida,

Sallama. Ba zan tsawaita gaisuwa ba tunda ba a amsawa.

An zauna. Tun safe nake kallon ƙofar kotu, duk motar da ta tsaya in ce ke ce. Tsakaninmu da Birnin Kebbi ba tafiyar yini ba ce. In aikinki kike tsoro, ko kunyar a ce danginki na ƙauye sun jawo ki gaban alƙali, da sai ki rubuto layi ɗaya in sani. Malam bai taɓa barin almajirinsa a rana ba.

Alƙali mutumin kirki ne, ya saurare ni. Na ce waswasi ne, ba hauka ba. Ya ce shi ma ya san hukuncin, amma ga takardar asibiti, ga shaidu bakwai da suka ga mutum ya naɗe baki shekara guda yana yi wa matarsa magana da hannu. Ya tambayi Hammadu, matarka ce ko ba matarka ba ce? Hammadu ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce bai sani ba. Aka tambayi Sakinatu. Ta buɗe baki, yayanta ya juyo ya kalle ta, sai ta ce abin da magabatanta suka gani shi ne.

Alƙali bai raba auren ba. Ya ba da shekara guda a yi magani, ita tana gidansu, shi yana nasa. In ya warke ta koma, in bai warke ba zaɓi yana hannunta, wato hannun Abdussamadu. Albasar Hammadu ta ruɓe a rumfa, ba wanda ya juya ta.

Arzika

*

Birnin Kebbi, 15 ga Yuni, 1993

Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Ina da rai, ina lafiya, ban san da wane ido zan dube ka ba.

Tun kafin sallah ƙarama aka kwashe mu zuwa ƙauyukan kudu saboda sanƙarau, ba a bar ko mai ɗaki ɗaya irina ba. Aka ce mako biyu, muka yi wata uku. Shekaranjiya na dawo na tarar da takardunka biyu a durowa, mai shara ya adana mini su da kyau. Maganar tsoron aiki da kunyar dangi ta yi mini zafi, amma ba ni da bakin yin fushi.

Laifin nawa ne. Shekara goma sha huɗu duk takardar da na rubuta a asibiti da Turanci ce, don likita ake yi wa ita ko ofis. Ban taɓa rubuta wa mai ciwon kansa ba. Na zauna da yaron nan awa biyu ina yi masa tambayoyi masu zurfi a kan zuciya da niyya, ban tambaye shi ko ya iya karatu ba. Kan takardar kuma kullum ina ganinsa har na daina ganinsa. Mu a wurinmu sunan ɗaki ne kawai.

Jiya na je wurin alƙali. Ya karɓe ni da mutunci don ya san Malam. Ya ce hukunci ya riga ya fita, amma ƙofa a buɗe take, in kawo masa Hammadu yana magana da bakinsa, yana cewa wannan matata ce ba tare da ya dubi kowa ba. Daga nan na wuce Augie. Abdussamadu ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma ya ce takarda ta fi baki. Na ce ni na rubuta ta. Ya ce to da wace zai yarda, ni ta jiya ko ni ta yau?

Sakinatu ta rame. Ta raka ni bakin mota ta ce, "Inna, ki ce mai ina nan. Shekara ba komi ta ba. Shi dai ci abinci."

Ga gaskiyar da ban gaya mata ba. Maganin ciwon nan shi ne ya zauna kusa da ita, tunanin ya zo, ya ƙi tambaya, har tsoron ya gaji ya kwanta. To an ɗauke ta. An ce ya warke kafin a mayar masa da ita, alhali sai da ita zai warke. Ƙwayoyin ma sun ƙare a nan, likita ya ce sai an kawo. Ni da kai mun yi ta murna mun gano fiƙihunka da bokona hanya ɗaya suka nufa, ga inda muka kai shi.

Duk da haka ka riƙa turo shi kowace Talata. Ban yi alkawarin komai ba.

Hamida

*

Argungu, 17 ga Rajab, 1414

Taubashiyata Hamida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Gwiwa tana nan yadda take. An sake dashen albasa, gonar Hammadu maƙwabcinsa ne ya dasa ta. Ki yafe mini maganar da na faɗa miki a kan aiki da kunya, ita ma tana cikin abin da nake istigfari a kai.

Kin aiko sau biyu kina tambayar dalilin da ya sa ya daina zuwa Talata tun bayan Maulidi. Na kasa rubutawa ne. Yau na ce gara ki ji daga gare ni.

Saƙon Sakinatu na isar masa kamar yadda kika ce, cewa tana jira. Na ɗauka zai ƙarfafa shi. Sai ya riƙa cewa ya rataye 'yar mutane, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba, kuma watakila ma tuni ta saku tana jiran banza. Wata rana ya ce mini, "Baba, gara in hwaɗa da bakina in san na hwaɗi, ko na samu barci." Na yi masa faɗa sosai. Ya ce to. Ashe ranar ce ya daina shawara da ni.

Shi kaɗai ya je kotu. Alƙali ya kore shi, ya ce ya je ya yi tunani kwana uku. Ya dawo rana ta huɗu da wankakkiyar riga, ba rawani a baki. Aka tambaye shi ranar mako, da raka'o'in salloli, da sunayen 'ya'yansa, ya amsa tiryan-tiryan. Sannan a gaban shaidu ya furta, har uku, da murya sarai. Magatakarda ya ce bai taɓa ganinsa cikin natsuwa irin ta ranar ba.

Da labari ya iso ni na tafi ko takalmi ban daidaita ba. Na ce wa alƙali, in mahaukaci ne sakinsa bai auku ba, in mai hankali ne don me aka raba shi da matarsa? Na ce ciwon ne ya tura shi, kamar wanda aka tilasta. Ya ce, Malam, mai irin wannan lalura yana da ranakun farkawa, kuma ni da idona na ga ya farka, ya zo da ƙafarsa sau biyu, ba wanda ya riƙe masa wuya. Abin da ke cikin zuciya ba ni da ma'auninsa. Na dawo na buɗe littattafai kwana da kwanaki. Akwai maganar da za ta taimake mu, akwai wadda za ta kayar da mu, hukunci kuwa ya riga ya bi ta biyun. An ce da aka gaya wa Sakinatu ba ta yi kuka ba, ta dai tambaya ko ya ci abinci ranar. Iddarta ta kusa cika, kuma na ji wani ɗan kasuwa a Augie ya fara aike.

Ya samu barcin da yake nema, na mako biyu.

Jiya da hantsi ina duba dashe a fadama sai na ji ƙarar keke. Ya jingine shi, ya durƙusa a kan kunya, rawani ya koma bakinsa. Ya ce, "Baba, ranan nan ga kotu, na hwaɗa kuwa da halshena, ko ga zucciya ta? In ban hwaɗa ba, matata ta har yanzu. In tay yi aure da aurena bisa kanta, zunubin wa? Baba, ta saku?"

Hamida, fiye da shekara ina gaya wa yaron nan ba ta saku ba. Gaskiya ce kowace rana, bai taɓa yarda da ita ta wuce kwana biyu ba. Yau amsar ta juya, kuma na san ita ma ba zai yarda da ita ba. Ya tsaya yana kallon bakina, ruwa na bin kunya yana jiƙa masa gwiwa.

Na yi abin da kika ce in yi tun takardarki ta farko, na yi shiru. Kada ki ɗauka magani nake yi masa. Bakin ne ya ƙi buɗuwa.

Ya ce zai dawo jibi.

Naki,
Arzika